Yorkshire, Norwich ko Lancashire: wane babban kanari ya kamata ka fara da shi?

Kanarin da muka tashi muka gani a ƙofar shagon tela ko a zauren wani dattijo, don kukansa ake ajiye shi. Ba mai tambayar tsawonsa, ba mai duba yadda ya tsaya a kan sanda. In dai ya buɗe baki da hantsi ya cika layi, ya biya kuɗin geronsa. A Ingila kuwa akwai mutanen da suka ɗauki wata hanya dabam tun fiye da shekara 150 da suka wuce. Su kallon kanari suke yi. Su auna shi, su gyara masa gashi, su koya masa tsayuwa, idan sanyi ya shigo su kai shi zauren gasa, alƙali ya zo ya ba shi maki kamar ɗan makaranta.

Wanda zama ya kai shi Birtaniya ko wata ƙasar Turai, ya leƙa irin wannan taro har sha'awa ta kama shi, idonsa kan manyan tsuntsayen yake fara sauka. Manyan da Ingila ta fitar kuwa, waɗanda aka fi jin sunansu, uku ne: Yorkshire, Norwich da Lancashire. Duka sunayen wuraren da aka ƙirƙiro su ne. Ba zan ja ka da nisa ba, nawa ra'ayin shi ne sabon hannu ya fara da Yorkshire. Amma ba don shi ya fi kyau ba, ba kuma don ya fi sauƙi ba. Kowanne cikin ukun yana da irin wahalar da yake ɗora wa mai shi, kuma wahalar ce ya kamata ka zaɓa, ba surar ba. Ta Yorkshire ce kaɗai haƙuri da naci suke maganinta.

Kafin mu shiga, a san cewa wannan kanari ba namu na daji ba ne mai rawayan goshi. 'Yan'uwa ne, amma kowa da gidansu. Kakan na Turai daga tsibiran Kanari da Madeira da Azores yake, cikin tekun Atlantika, ɗan tsuntsu ne kore-kore da bai wuce santimita 12 zuwa 13 ba. Mutanen Sifaniya ne suka fara shigo da shi Turai a ƙarni na 15. Duk girman da za ka gani a yau, hannun ɗan'adam ne ya yi shi, ta hanyar zaɓen wanda za a haɗa da wanda, shekara bayan shekara. Riƙe wannan, don mafi yawan matsalolin da za mu yi magana a kansu daga nan suka samo asali.

Lancashire shi ne dogon cikinsu. A Birtaniya ba a son ya gaza inci 8, wato kimanin santimita 20, kuma nagari yakan kai inci 9, kusan santimita 23. Ya kusa ninka kakansa ke nan. Masaƙan garuruwan auduga irin su Manchester da Oldham da Rochdale ne suka raine shi a ƙarni na 19. Iri biyu ne a gida ɗaya: akwai mai tukku, akwai maras tukku. Tukkun nasa ba zagayayye ba ne kamar faifai. Yana zubowa gaba ya rufe baki, ya sauko gefe zuwa bayan ido, daga ƙeya kuma ya kwanta sumul ya bi wuya, shi ya sa ake kwatanta shi da takalmin ƙarfen da ake buga wa doki a kofato.

Norwich shi ne gajeren cikinsu, inci 6 zuwa 6 da kwata, wajen santimita 16. Girmansa a kauri yake. Ƙirji cike, kai babba zagayayye, kumatu a cike, wuya kamar babu, bindi gajere. In ka ga nagari a kan sanda sai ka ce ɗan kokawa ne ya zauna yana jiran a buga masa ganga. Tarihinsa ya fi na sauran nisa: a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, daga 1565, masaƙa daga yankin da yake Beljiyam da Holan a yau suka yi hijira zuwa birnin Norwich saboda tsanantawar addini, kuma ana danganta shigar kiwon kanari birnin da su. Masu kallon ƙwallon Ingila sun san ragowar labarin ko ba su sani ba: kulob ɗin Norwich City, mai riga rawaya da kore, da hoton kanari a bajonsa, daga nan ya samo laƙabinsa.

Yorkshire yana tsakani, ba a son ya gaza inci 6 da kwata uku, wato kamar santimita 17. A yankin Bradford aka haɗa shi a tsakiyar ƙarni na 19, aka ɗebo tsawo daga Lancashire, tsayuwa daga kanarin Beljiyam, daga baya aka sa jinin Norwich don ingancin gashi da launi. Ƙungiyar masu kiwonsa ta kafu a 1894. Na farko-farkon siriri ne ƙwarai, har ana cewa zai iya ratsa zoben aure. Na yanzu ba haka yake ba. Kai da kafaɗa sun cika, jiki yana sirancewa a hankali har bindi, kamar karas da aka tsayar. Abin da ya bambanta shi da kowa tsayuwa ce. Masu shi suna cewa ya tsaya kamar hannuwan agogo idan ƙarfe bakwai ta wuce da minti biyar: miƙe, amma da ɗan karkata, ƙafafu dogaye, cinya a bayyane. Ana yi masa kirari da mai gadin fada, wasu su ce ɗan gayen kanari.

Kada ka sayi ko ɗaya cikinsu don kuka. Namijin yana yi, amma ba wanda ya taɓa zaɓen iyayensa don murya. Mai son kuka ya nemi Roller na Jamus, ko Malinois na Beljiyam, ko Timbrado na Sifaniya.

Gashi, inda Norwich yake ba da kunya

Duk mai kiwon kanarin gasa kalmomi biyu ne ba sa barin bakinsa: yalo da baf. Ba launi suke nufi ba, yanayin gashi ne. Yalo gashinsa gajere ne, matsattse, launi ya kai har bakin kowane gashi, tsuntsun yana sheƙi amma yana ɗan nuna ƙanƙanta. Baf gashinsa ya fi faɗi da laushi, bakinsa fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, tsuntsun kuma ya fi cika ido. Ƙa'idar da aka gada ita ce a haɗa yalo da baf. Yalo da yalo yana ba da 'ya'ya sirara masu ƙarancin gashi. Baf da baf yana ba da ƙatti.

Nan jarabar take. Mai son tsuntsunsa ya fi na kowa cika a kan teburin gasa, zuciyarsa za ta raya masa ya haɗa baf da baf, kuma shekarar farko zai ga abin da yake so. Masu Norwich na farkon ƙarni na 20 sun yi haka, sun ƙara da jinin kanari mai tukku don kai ya ƙara girma, abin da suka bar wa na baya shi ne ƙullutun gashi. Yadda yake faruwa: gashi ya yi laushi da yawa har ya kasa huda fata ya fito, sai ya nannaɗe a ciki, ya ci gaba da girma, ya zama ƙullutu mai tauri a baya, ko a kafaɗa, ko a gindin fiffike. Ya fi bayyana a juyin gashi na biyu ko na uku, wato bayan ka riga ka sayi tsuntsun, ka riga ka samu 'ya'ya daga gare shi. Likitan dabbobi zai iya cirewa, amma yakan dawo, kuma halin yana bin jini.

Ba wai Yorkshire da Lancashire sun tsira sarai ba. Duk babban kanari mai yawan gashi yana iya yi. Amma Norwich ne aka fi sani da shi, shi da masu tukku. Saboda haka sabon hannu da ya zaɓi Norwich ya ɗauki nauyin da bai iya gani da ido ba tukuna. Gane gashin da ya fara wuce gona da iri aikin yatsa ne da shekaru: a kama tsuntsu, a hura masa iska a ciki da baya, a duba tsawon gashin da laushinsa. Wanda ya yi shekara goma yana yi zai gane cikin daƙiƙa. Kai da ka fara jiya, ƙaton da ya burge ka shi za ka ɗauka, kuma sau da yawa shi ne mai matsalar.

Yawan gashin nan yana taɓa haihuwa ma. Kafin a haɗa Norwich, masu shi sukan rage gashin da ke kewaye da duburar namiji da ta mace da almakashi, in ba haka ba sai a yi ta samun ƙwai fanko, mace ta yi kwancin banza. Wani har gashin gira sai an rage masa don ya ga hanya. Wannan aiki ne da ake koya a hannun wani, ba a karatu ba.

Shi Yorkshire abin da alƙali yake nema a gashinsa akasin haka ne: ya kwanta lif a jiki kamar an shafa masa mai, ba ɓurɓushi a cinya, ba tsagewa a ƙirji. A ma'aunin ƙungiyarsa, cikin maki 100, gashi yana da 25, tsayuwa 25, kai 20, sai jiki da girma da lafiya kowanne 10. Dubi wannan rabo da kyau. Girma, wanda shi ya jawo ka tun farko, maki 10 ne kacal. Ma'aunin da kansa yana hana ka bin son zuciya, don in ka nemi girma ta hanyar lalata gashi, ka ba da 25 ka karɓi 10.

Lancashire a wannan fanni an ɗan sassauta masa. Tsawo da tukku ake kallo, gashinsa kuma dole ya yi tsawo kafin tukku ya zubo yadda ake so. Sai dai tukkun yana da tasa doka da ba a karya ta. Ba a haɗa mai tukku da mai tukku. In aka yi, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan za su gaji tukkun ta uwa da uba, waɗannan kuwa ba sa rayuwa, a cikin ƙwai suke mutuwa ko jim kaɗan bayan ƙyanƙyasa. Mai tukku da maras tukku ake haɗawa, 'ya'ya su fito kusan rabi da rabi. Maras tukkun ma ba na yarwa ba ne, shi ke ɗauke da faɗin kai da gira mai kauri da tukkun jikoki zai zauna a kai, kuma yana da nasa aji a gasa.

Batun launi

A 1873 wani mai kiwo daga garin Derby, Edward Bemrose, ya riƙa zuwa gasa da Norwich masu launin ruwan lemo mai ƙuna da ba a taɓa gani ba. Aka yi ta zarginsa da rini. Aka wanke tsuntsayen, launi bai fita ba. Daga baya ya tona asirin da kansa: jan barkono yake sa musu a abinci lokacin da suke sake gashi. Tsuntsu ba ya jin yajin barkono kamar yadda muke ji, shi ya sa abin ya yiwu. Daga baya aka koma jan tattasai maras yaji, yau kuma wani garin sinadari ake amfani da shi, wanda aka fi sani da sunan Carophyll Red, a abinci ko a ruwan sha.

Norwich da Yorkshire ana ba su abincin launi. Lancashire ba a ba shi, a launinsa na asali ake nuna shi, rawaya ko fari, ba tare da baƙin tabo a jiki ba, sai dai a tukku an yarda da ɗan duhu. Wannan babban sauƙi ne ga mai Lancashire, kuma shi ne wuri ɗaya da ya fi Yorkshire sauƙi a fili.

Don aikin launi ba wasa ba ne. Launin yana shiga gashi ne kawai lokacin da gashin yake tsirowa da jini a cikinsa. Juyin gashi yana ɗaukar mako shida zuwa takwas, wani ya fi haka, kuma gashin kai ne yake ƙarewa a ƙarshe. Dole a fara bayarwa kafin gashin farko ya zube, a ci gaba kullum da awo ɗaya har na ƙarshe ya fito. Ka yi tafiyar kwana huɗu ka bar wa wanda ya manta, tsuntsu ya fito dabbare-dabbare, wani wuri ja wani wuri fari, sai kuma baɗi. Ka cika hannu, launi ya ƙone ya koma kamar jan bulo. Akwai kuma wani abu da sababbi ba sa sani: ɗan bana, a juyinsa na farko, ba ya zubar da manyan gashin fiffike da na bindi, saboda haka suna nan fari-fari, kuma da su alƙali yake gane ɗan bana ne. In ɗaya ya tsinke bisa kuskure lokacin da ake ba da launi, wanda zai maye gurbinsa ja zai fito a tsakiyar farare, kowa ya gani.

Wanda aikinsa na yawan tafiya ne daga Yuli zuwa Satumba, lokacin juyin gashi ke nan, ya yi wa kansa hisabi tun yanzu.

Horo shi ne gadon Yorkshire, kuma shi ne dalilin da wasu ke gudunsa. Kejin gasar Norwich akwati ne, waya a gaba kawai, tsuntsu yana jin bango a bayansa, hankalinsa kwance. Abin da ake so gare shi bai wuce ya yi tsalle daga sanda zuwa sanda cikin natsuwa ba, kuma shi dama ba mai rawar kai ba ne. Kejin Yorkshire kuwa baƙar waya ce ta kowane gefe, sama a lanƙwashe kamar baka, ba inda zai ɓuya. A ciki ake so ya hau sandar sama, ya kama ta da kyau, ya miƙe ya tsaya, mutane suna wucewa, alƙali yana ɗaga kejin yana juyawa. Tsuntsun da ya fi kowa sura, in ya tsorata ya kwanta a kan sanda ko ya manne a waya, ya zubar da maki 25 a gaban idonka. Lancashire ma a buɗaɗɗen keji ake nuna shi kuma ana son ya miƙe, sai dai ba a tsananta masa kamar Yorkshire ba.

Ana fara horon tun yaro yana da mako biyar ko shida, ya iya ci da kansa. A rataya kejin gasa a ƙofar kejin da yake zaune, a sa ɗan ganye ko abin marmari a ciki, ya riƙa shiga yana fita don kansa. Bayan kwanaki a rufe shi a ciki na minti kaɗan, a ɗaga kejin daga ƙasa a hankali, a yi masa magana. Ba a kama shi da hannu don a sa shi, da ɗan siririn sanda ake nuna masa ƙofa har ya saba. Wanda yake son duƙawa, a kewaye ƙasan kejin da takarda, sai ya miƙe don ya leƙa waje. Kullum ne, minti goma ko sha biyar, watanni. Yana da gajiya. Amma ka lura da bambancin: duk abin da na lissafa a nan, mutumin da bai taɓa riƙe kanari ba zai iya yinsa daidai tun shekarar farko in yana da naci. Ba a buƙatar idon gwani. Ƙullutun Norwich kuwa naci ba ya hana shi.

Wajen haihuwa ukun duk ba su kai ƙananan iri ba. Tsarin ɗaya ne: mace ta yi ƙwai huɗu ko biyar, ɗaya kowace safiya, mai kiwo yana ɗauke kowanne ya sa na roba a madadinsa, ran na huɗu ya mayar mata duka don su ƙyanƙyashe rana ɗaya. Kwanci kwana 13 zuwa 14. Zoben ƙafa mai lamba da shekara ana sa shi kafin yaro ya cika mako, in an makara ƙafa ta yi girma ba zai shiga ba, kuma manyan iri ƙafarsu da wuri take girma. Wajen mako uku su bar sheƙa. Abincin reno dafaffen ƙwai ne da garin biskit ko busasshen burodi, da jiƙaƙƙen iri da ganye. Bambancin shi ne manyan suna makara kafin su shirya, uwayen kuma ba duka ne masu ƙoƙarin ciyarwa ba. Wata nauyinta ma ya danne yaro a sheƙa. Shi ya sa da yawa daga masu Norwich da Lancashire suke ajiye ƙananan kanari irin su Fife a gefe, a matsayin masu reno, a ɗauke ƙwan babba a sa wa ƙarama. Wannan ƙarin keji ne, ƙarin abinci, ƙarin lissafin ranaku don kwancin biyun ya zo daidai. Yorkshire ma akan yi masa haka, amma samun dangin da ke renon 'ya'yansu da kansu ya fi sauƙi a cikinsu, kuma tambayar da za ka fara yi wa mai sayarwa ke nan.

Keji kuma, Yorkshire da Lancashire tsayi suke so. In rufi ya yi ƙasa, tsuntsu ya saba da sunkuyo, ka ɓata da hannunka abin da kake horarwa. Ka nemi mai tsayin santimita 45 ko kusa da haka, tsawo kamar mita ɗaya ga ma'aurata, sanduna nesa da bango don bindi kada ya goge. Gashin bindin da ya tsinke sai ya yi wajen mako shida kafin ya dawo. Norwich bai damu da tsayi ba, shi matsalarsa ƙiba ce, yana son wurin tashi da a rage masa iri mai maiƙo. Af, cikin irin da ake ba su akwai wani baƙi siriri da Turawa ke kira da suna mai kama da Nijar. Ba daga Nijar yake ba, asalinsa Habasha ne.

Saura abin da ya fi duka nauyi a wurina, wato inda za ka samu tsuntsun da wanda zai koya maka. A nan Lancashire ya faɗi. Irin na asali ya ƙare ne a wajen Yaƙin Duniya na Biyu. Masu wasu iri sun yi ta kwasar nagarinsa don ƙara wa nasu girma, yaƙi ya zo abincin tsuntsu ya yi wuya, sai aka wayi gari babu shi. Wanda ake gani yau sake gina shi aka yi bayan yaƙin, daga Yorkshire da kanari mai tukku, wato daga waɗanda suka ci gadonsa tun farko. Aiki ne abin yabo, amma har yanzu masu shi kaɗan ne. Ma'anar haka gare ka: za ka sha tafiya kafin ka samu, abin da za a sayar maka ragowar wani ne, jini ya yi kusa da juna, kuma a ƙaramar gasa kana iya samun kanka kai kaɗai a aji. Ka ci na ɗaya, ba ka koyi komai ba. Ga kuma wuyar haɗa tsawo da tukku mai kyau a tsuntsu ɗaya. Lancashire na wanda ya riga ya ƙware ne, yana neman abin da zai ba da gudummawa a kai.

Yorkshire kuwa ya bazu. Ban da Birtaniya, yana da masoya sosai a Italiya da Turkiyya da Beljiyam, kuma ajinsa yakan cika a gasar duniya da COM, ƙungiyar masu kiwon tsuntsaye ta duniya, take shiryawa kowace shekara, galibi a watan Janairu, ƙasa bayan ƙasa. A Ingila lokacin gasa daga Oktoba ne zuwa Janairu, babban taron tsuntsaye na garin Stafford a Oktoba yana cikin wuraren da za ka ga ukun a rana ɗaya. Tsarin Birtaniya ya raba sababbin hannu da gwanaye, saboda haka ba za a haɗa ka da wanda ya yi shekara talatin ba. Norwich ma yana da jama'arsa da ƙungiyoyinsa, bai yi ƙarancin Lancashire ba. In ya kasance a garinku akwai dattijon da ya ƙware a Norwich, yana shirye ya buɗe maka ɗakin tsuntsayensa, ya kama hannunka ya nuna maka gashi, to ka bar maganata ka bi shi. Wannan ne kaɗai sharaɗin da zai sa in ce Norwich ya riga Yorkshire.

Mai karatu da ke Kano ko Zinder ko Tamale yana iya cewa, to ni fa? Abin da zai fara ba ka wuya ba zafi ba ne ma, haske ne. Tsawon yini ne yake gaya wa wannan kanari lokacin haihuwa da lokacin sake gashi. A Landan yini yana sauka zuwa kusan awa 8 a Disamba, ya haura 16 a Yuni, tsuntsu kuma yana shirin sheƙa idan ya doshi awa 14. A Kano yini bai kai awa 13 ba ko a lokacin da ya fi tsawo, bai kuma sauka ƙasa da 11 ba. Sai ka ƙirƙira masa shekara da fitila mai agogo, kana ƙara minti kaɗan-kaɗan, wutar kuma ba ta yankewa. Fitilar ɗaki da ake kunnawa yau a kashe gobe tana jefa shi cikin zubar da gashi da ba ya ƙarewa. Sai zafin Afrilu, wanda mai kaurin gashi irin Norwich zai fi kowa jin jiki, sai sauro, wanda ke ɗauke da cutar agana ta kanari, mai kisa da sauri, dole a rufe ɗakin da raga. Ga shi kuma alƙalan wannan gasa a Turai suke. Mai son gwadawa a nan ya fara da ƙaramin iri tukuna.

In ka tsaya a kan Yorkshire, lokacin saye daga Oktoba ne zuwa Disamba, an gama juyin gashi, masu kiwo suna rage abin da ya yi musu yawa. Ka je gasa ka ga wanda tsuntsayensa suke fitowa iri ɗaya a aji daban-daban, ba wanda ya ci da guda ɗaya ba. Ka sayi namiji biyu mace biyu ko uku daga ɗaki ɗaya, yalo da baf, 'yan bana ko 'yan bara, ka bar shi ya haɗa maka su da kansa tunda shi ya san iyayensu. Ka roƙi ya nuna maka iyayen, ka shafa bayansu ka ji ko akwai ƙullutu. Ka tambayi awa nawa fitilarsa take yi a yini da irin abincin da yake bayarwa, ka ci gaba da su yadda suke. In ka kai su gida ka ware su daga duk wani tsuntsu na wata guda, ka riƙa duba lungun keji da tocila da dare, don jar ƙumar da ke shan jininsu sai duhu ya yi take fitowa.